Maɓalli a Kafaɗa

Rigar farko da na saƙa aka saya ta ɗan wata malamar asibiti ce, ruwan ganye, da hularta da safarta. Da tsinke biyu na yi ta, a zaune kan tabarma a tsakar gidanmu a nan Azare, ina yi ina warwarewa har zaren ya yi la'asar. Da na kai mata, ashe hannun dama ya fi na hagu tsawo. Ta ɗaga rigar ta duba, ta ce, "Ba komai, ai yaro zai girma." Har yau ban gane ko ta gefe ɗaya take nufin zai girma ba.

Na fara da wannan ne saboda ku, 'yan matan da ƙungiyarku ta turo min koyon saƙa. Kun shigo gidana sanye da riguna iri ɗaya, an rubuta "A sayi na gida" a ƙirji, ɗayarku har tana ce min ta ga yadda ake yi a waya, kafin wata ya mutu ta iya. Allah ya sa. Kun kuma ce in faɗa muku yadda za a yi mutanenmu su bar kayan waje su dawo ga namu. Abin da na gani da idona zan ba ku. Amsa kuwa kada ku sa rai, don ni ma nemanta nake yi.

Wadda ta koya min sana'ar nan Maman Uche ce, wata Inyamura da mijinta ke sayar da kayan mota a bakin tasha, ita kuma tana da 'yar rumfar zare a kasuwa. Lokacin Uche yana goye a bayanta, ni kuma ina amarya, hannuna bai san komai ba sai murfin tukunya. Hausarta ba ta da yawa, amma akwai kalmar da ta riƙe da kyau: "Warware." In kai mata aikin yini guda, ta miƙe shi a gwiwa, ta sa farce a kan ido ɗaya da ya zame, wato ɗan zoben zaren nan da ake ɗaukowa a tsinke, ta ce, "Warware." In ce, "Haba Mama, wa zai gani?" Ta ce, "Ruwa zai gani." Gaskiyarta ne, wanki ɗaya yake tona asirin saƙa. Ido ɗaya in ya zame, sai ya ja 'yan uwansa har ƙasa.

Sai da hannuna ya faɗa a tsinke da kwarashi sannan ta yarda na taɓa inji. Ku kuna ganin injin saƙa kamar abin wasa ne, a ja hagu a ja dama riga ta fito. To ku zo ku ja. Allurai ne jere kamar haƙoran mataji, kowace da ɗan bakinta mai buɗewa da rufewa, ɗaya in ta lanƙwashe aikin duk ya tashi. Akwai ƙarafan da ake ratayawa a ƙasan saƙar don su ja ta. In sun yi nauyi riga ta fito kamar buhu, in ba su kai ba zare ya cukurkuɗe. Kafin a ɗora zare sai an goga masa kyandir don ya yi santsi. Man keken ɗinki ake ɗiga wa inji, ba man gyaɗa ba. Na faɗi haka ne don na taɓa ganin wadda ta ɗiga man gyaɗa, tururuwa suka kwana suna yi mata saƙa.

Zaren da muke aiki da shi a lokacin daga wata masaƙa a Kano yake zuwa. Zaren ulu muke ce masa. Kauri gare shi, yana da ɗan kaushi a hannu da warin man inji, amma ba ya zuba, ba ya saki. Rigar da aka yi da shi sai wa ya sa, ƙane ya sa, a kai wa 'yan uwa a ƙauye su ma su sa.

Aikin da ya sauya min hannu na wata Bafillatana ne daga Gololo, mai kawo nono. Ta sayi rigar jariri a wurina, irin wadda Maman Uche ta koya min daga hotunan littattafan Turawa, maɓallai jere daga wuya har cibiya. Kasuwa ta zagayo sai ga ta a ƙofar gida, ranta a ɓace, yaro yana ta tsala kuka. Ta kwance goyo, ta ɗage rigar, ta ce, "Duba, mai saƙa. Duba abin da kayanki ya yi." A ƙirjin yaron ga shatin maɓallai nan a jere, ja wur. Tun daga rugarsu yake manne a bayanta, majanyi ya ɗaure shi tamau, maɓallan suna nutsewa a jikinsa. Sai a ranar na lura cewa 'ya'yan da ke cikin hotunan nan duk a kwance suke cikin keken turawa, babu ko ɗaya a bayan uwarsa. Namu kuwa a baya suke wuni, ƙirji a manne.

Tun daga ranar na daina sa maɓalli a gaba. Na mayar da shi kafaɗar hagu, gaban riga ya zama sumul. Na daina ƙulla zare ta ciki, sai in saƙa bakinsa in ɓoye shi a gefe, inda ba ya taɓa fata. Na rage tsawon gaba kaɗan don kada ya tattare a cikin zani. Mata suka gane, ba tare da an yi shela ba. Daga Disina, daga Dagauda, har daga cikin garin Katagum ana aiko min. A gidanmu kuwa abin ya zama al'ada: duk jikan da aka haifa, ranar suna kayan da na saƙa yake sawa. Ba wanda ya kafa dokar, amma ba a taɓa tsallakewa ba.

Sai shekarar da komai ya rikice. Da farko zaren Kano ya fara wuyar samu, daga baya aka ce masaƙar ta rufe. A daminar nan kuma dilolin gwanjo suka cika kasuwa, a farke dila a zube rigunan sanyi a ƙasa kamar tarin yayi, mai kuɗin goro ma ya ɗauka. Wani zare ya shigo daga Sin, mai laushi, mai sheƙi. Na karɓi aikin suwaita na wata makarantar kuɗi, shuɗi mai duhu, na yi da shi. Wankin farko ya zuba a kan fararen rigunan yara, makaranta guda ta koma ruwan bula. Iyaye suka yi ta sallama a ƙofar gidana, ba ta alheri ba. Ga shi sanyin shekarar bai yi wani ƙarfi ba, abin da na saƙa na ajiye ya kwana a buhu har wata shekara.

A cikin wannan ruɗanin ne na ce, to, tunda an ce ulu gashin tumaki ne, mu da tumaki suka yi mana yawa har suna cin kwali a bola, me ya hana mu yi namu? Bayan Babbar Sallah na aika wurin majema aka tara min gashin raguna. Na wanke, na shanya, gida ya ɗauki wari har maigidana, Allah ya ji ƙansa, ya koma cin tuwo a zaure. Na kai wa wata tsohuwa mai kaɗi a Dagauda. Ta ɗora a mazari, ta murza, ya watse. Ta sake, ya watse. Ta ce, "'Yar nan, wannan gashi ne, ba auduga ba. Ba ya jin magana." Da ƙyar ta haɗa shi da auduga ta fitar min da ɗan abin da na saƙa hula ɗaya. Na sa wa autana Sadiku, bai kai ƙofa ba ya cire ya jefar yana susar kai. Daga baya Maman Uche ta ce min tumakin ulu daban suke, na ƙasashen sanyi ne, kuma zaren Kanon ma da nake yabo ba gashin tunkiya ba ne, wani abu ne da ake sarrafawa daga man fetur. Na ce, man da ake zuba wa mota? Ta ce shi. Na bar maganar a nan, don kaina ya fara ciwo.

Abu ɗaya na yi na hankali a shekarar. Ragowar zaren Kano da ke hannuna, ruwan madara, na naɗe a tsohon zani, na sa a ƙasan akwati da ƙwayar kafur. Na ce wannan na ɗan farin Sadiku ne, ko ina raye ko ba na raye. Lokacin Sadikun ko makarantar sakandare bai shiga ba.

Sana'a ba ta mutu ba, amma ta rame. Na koyi gane zaren Sin mai zuba da marar zuba, ina jiƙa bakinsa da yawu in goga a farin ƙyalle. Maman Uche ta tsufa ta koma garinsu, Uche ya gaji rumfar ya mayar da ita shagon kayan jarirai. Yaron nan a Azare aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa karin magana, yana ciniki da Fulani da Fillanci, ni kuma Mama yake ce min. Wata rana ya zo har gida ya ce in riƙa yi masa kayan jarirai da yawa yana sara, da sharaɗin in yi da zare mai sheƙin nan, launi mai haske. Na ce to. Aiki ya dawo har na ɗauki maƙwabtana biyu, zawarawa masu 'ya'ya, ɗaya tana haɗa hannuwa, ɗaya tana sa maɓalli. Ban taɓa tambayarsa su wa ke saye ba. Ni dai na ga buhu yana fita, yana dawowa babu komai.

Sadiku ya yi aure, ya auri Rukayya, malamar makaranta, yarinya mai ladabi, ba ta taɓa ɗaga min murya ba. A sashen da ke jikin nawa suke zaune. Da cikinta ya tsufa na buɗe akwati na fito da zaren nan. Launinsa ya ɗan dushe, amma ƙarfinsa yana nan. Ban kai shi inji ba. Da tsinke na yi, a hankali, idona yana ruwa saboda tsufa, riga da hula da safa, maɓalli a kafaɗar hagu. Zaren ya ƙare daidai bakin safa ta biyu. Allah ya sauke ta lafiya, namiji. Na sa kayan a cikin kayan barka na aika mata, ta aiko da godiya.

Ranar suna da la'asar gida ya cika da mata. Ina zaune a ɗakina da tsofaffi, aka ce ga angon nan za a kawo wa kakarsa. Na gyara zama, na shimfiɗa zani a cinya. Wata ƙawar Rukayya ta miƙo min shi, sai na ga riga shuɗiya mai sheƙi, ba ruwan madara ba. Ba zan ɓoye muku ba, na ji zafi har cikin ƙashina. Shekara da shekaru zaren nan yana jiran yaron nan, ga yaron ya zo an sa masa wani abu.

Rukayya ta shigo ta durƙusa, ta sha kwalliya, ta ce, "Hajiya, a yi haƙuri, naki na ajiye masa na zaman gida, ya fi ɗumi. Wannan ƙawayena ne suka haɗu suka saya masa, ɗan Turkiyya ne, saboda hoto."

Na ce, "Madalla. Allah ya raya."

Na sunkuya ina kallon angon nawa don kada a ga fuskata. Hannuna ya kai kafaɗarsa ta hagu, na ji maɓalli. Na shafa ƙirjin, sumul. Na sa yatsa ta ciki na bi gefen rigar, na ji inda aka ɓoye bakin zare, an saƙa shi ya koma baya. Duk duniya ban san mai yin haka ba sai ni. Na juya wuyan rigar, ga wani ɗan ƙyalle an ɗinka, da rubutun Boko da 'yar tuta ja. Wannan kam ba ni na sa ba.

Ƙawar nan ta ga ina jujjuyawa, ta ce, "Hajiya, kin ga aiki ko? Turawa akwai tunani. Dubi ko maɓalli ba su sa a ƙirji ba, saboda goyo."

Na ce, "Su Turawan goyo suke yi?"

Ta ce, "Ai bincike suke yi, Hajiya."

Rukayya ta ce, "Wallahi na Hajiya ma ya so ya yi kama da shi."

Mata suka yi ta karɓar yaron suna yaba rigar. Ni kuwa na rasa abin da ke damuna. In yi fushi an ƙi kayana, ga kayana a jikinsa. In yi murna al'ada ba ta karye ba, ga shi ɗaki guda ana yi wa mutanen Turkiyya addu'a. Bakina ya buɗe zan yi magana, sai na dubi Rukayya a tsakiyar ƙawayenta da suka haɗa kuɗinsu don su fita kunyarta. In na faɗa, na kunyata surukata ranar sunan ɗanta na fari. Na ja bakina na rufe. Mai hoto ya zo, aka ɗauke ni rungume da shi.

Washegari na sa mayafi na nufi shagon Uche. Ban zauna ba na ce, "Uche, yaushe na koma Turkiyya ban sani ba?"

Ya dafe kai, ya jawo min kujera, ya ce, "Mama, zauna don Allah. Wa ya faɗa miki?"

"Jikana ne ya faɗa min, ranar sunansa."

Ya ce, "Mama, wallahi kayanki na rataye su a nan sanyi guda, ina cewa aikin Hajiya ne na cikin gari. Mace za ta ɗaga, ta ce yana da kyau, ta ajiye, ta ɗauki na Sin wanda wanki biyu zai kashe. Ranar da na sa su a leda da kwali, na ɗinka wannan ƙyallen, kafin la'asar babu ko ɗaya. Ni ban canza komai a rigar ba."

Na ce, "To ai ƙarya ce."

Ya ce, "Ƙarya ce, Mama. Amma ƙyallen ma a Kano ake buga shi. Ledar ma ta Kano ce. A jikin rigar nan kaf, zare ne kawai ɗan waje, shi kuma ke kike sayowa."

Na ce, "Tsaya, kada ka juya min kai. Wanne ne na gida a ciki, wanne ne na waje?"

Ya ce, "Ni ma da za ki faɗa min da na huta. In kin ce in daina, yau zan daina. Sai dai buhun da ke fita daga gidanki ba zai ƙara fita ba."

Na tuna maƙwabtana biyu, da yadda suke sallama da sassafe da 'ya'yansu a baya. Na zauna a kujerar nan har aka kira azahar ban ce a daina ba, ban ce a ci gaba ba. Uche ya sayo min ruwan sanyi. Na sha, na tashi na tafi, kuma har yau a haka maganar take.

Rigar ruwan madara kuwa ita yaron ya sha. Kullum da safe ina hango shi a bayan uwarsa tana shara, hular zaren Kano a kansa, yana barci. An wanke ta ba adadi, ko gezau. Ta Turkiyyar tana cikin leda, sai za a je unguwa. Hoton suna yana rataye a falonsu, duk baƙuwar da ta zo sai an nuna mata rigar.

Bayan an yi arba'in Rukayya ta shigo ɗakina da ledar a hannu, ta durƙusa, tana ta 'yan kame-kame. Ta ce wata ƙawarta ce ta kusa haihuwa, an je shagon Uche an tarar irin rigar ta ƙare. "Shi ne na ce ko Hajiya za ta duba wannan, ta gwada yin irinta. Na san ba za ta zama daidai ba, amma ko kusa ne."

Na karɓa na ce, "Bari in gwada."

Na ɗauko ragowar zaren da na yi shuɗiyar rigar da shi, ƙunshi ɗaya ne ma. Na ɗora a injin da ya saƙa ta. Maƙwabciyata da ta sa wa waccan maɓalli ita ta sa wa wannan, daga gwangwani ɗaya. Na gama na goge, na kira Rukayya. Ta shimfiɗa su biyu a kan gadona, ta duba wannan, ta duba waccan, ta shafa, ta ɗaga su a hasken taga. Ina tsaye ina jira, kamar ranar da nake kai wa Maman Uche aiki.

Ta yi murmushi, da zuciya ɗaya, ta ce, "Kai, Hajiya, kin yi ƙoƙari wallahi. Saura kaɗan ki kamo su."

Na ce, "Na gode, 'yar nan. Zan ƙara himma."